Shanu sun shiga gonarka? Ga yadda ake bin hakki ta hanyar sulhu, mataki-mataki

Tun da gero ya fara ɗaukar ciki saƙonni ke shigo mini, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce: an yi mini ɓarna a gona, ina zan nufa? Wani ya ce an ba shi shawara ya tafi ofishin 'yan sanda, wani ya ce samarin ƙauyensu sun ce ya bar musu aikin. Akwai ma mai shanu ɗaya da ya rubuto yana cewa an kama masa bijimi biyu an ɗaure, an ce sai ya biya kuɗin da ya fi ƙarfin gonar gaba ɗaya.

Na yi shekaru ina riƙe wa mai garinmu biro a irin wannan zama, ni ke rubuta abin da aka yanke. Ƙofofin sulhu suna da yawa, daga ƙarama zuwa babba, kuma mafi yawan maganganun da na ga sun dagule, sun dagule ne saboda an tsallake ƙananan ƙofofin an je an buga babba tun ranar farko. Ga tsarin da na ga yana aiki.

1. Sa'ar farko: riƙe hannunka

Ka iso gona ka tarar da garke a ciki. Ka kora dabbobin waje a hankali ta inda suka shigo, domin korar gaggawa tana sa su watsu su tattake abin da ba su ci ba. Galibi wanda za ka samu tare da su yaro ne ɗan shekara goma ko sha biyu. Tambaye shi abu uku: shanun wa, rugar wa, wane ne ardonku.

Gargaɗi: kada ka taɓa yaron, kada ka karɓe masa sanda, kada ka sari dabba. Da zarar jini ya fita, maganar ta tashi daga hannun mai unguwa ta koma ta hukuma, kuma kai da aka cuta ka zama wanda ake tuhuma. Na ga manomin da aka ci masa wake na buhu guda, ya sari saniya mai ciki a agara, ƙarshe shi ya sayar da ragunansa ya biya.

Idan dabbobin ba su da makiyayi kuma ba ka san mai su ba, ka kora su zuwa turken mai gari da rana tsaka, a gaban mutane. Kada su kwana a gidanka. Duk abin da ya sami dabbar da ke hannunka, ciwo ko ɓata, a wuyanka yake, kuma mai ita zai iya cewa sata ce.

2. Tsayar da shaida kafin rana ta ɗaga

Sawu ba ya jira. Iska, ruwan sama ko wani garken da ya wuce sukan shafe shi cikin yini guda. Ka kira mutum biyu da ba 'yan gidanku ba, maƙwabtan gona sun fi. Ka ɗauki hoto da bidiyo da waya, ka fara daga wani abu da kowa ya sani a gonar, kuka ko gawo ko surin kan iyaka, don kada a ce hoton wata gona ce. Ka ɗauki mashigar dabbobin, da sawun, da kashin. Ɗanyen kashi yana faɗin ko da dare aka shiga ko jiya da rana, kuma wannan zai yi amfani nan gaba.

Idan ba ka tarar da kowa ba, sai bin sawu. A nan mutane ke yawan kuskure: su ɗauki adda su bi sawu su kaɗai har cikin ruga. Ka nemi mai unguwa ya haɗa ka da mutum ɗaya, ardo kuma ya ba da mutum ɗaya, ku bi tare. Makiyayi ya fi ka karanta sawu, kuma in mutumin ardo ne da kansa ya ce sawun ya shiga garken wane, musu ya ƙare.

Ka sani kuma ba kowane garke ne na rugar kusa ba. Akwai masu wucewa, akwai shanun attajiran birni da aka ba kiwo, akwai shanun huɗa na maƙwabcinka manomi da suka tsinke igiya. Kada ka ɗora wa rugar kusa laifi don kawai ita ce kusa.

3. Duba naka gefen tukuna

Wannan matakin ba a son jin sa, amma gara ka ji daga bakina da ka ji a gaban jama'a. Gonar nan, ba ta ci burtali ba? Ba ka toshe hanyar mashaya ba? Ba a cikin filin kiwo ka yi sassabe ba? Tun 1965 aka yi dokar keɓe wuraren kiwo a Jihar Arewa, kuma dattawan kowane gari sun san inda labi ya bi ko da yau an nome shi. In gonarka ta shiga burtali da kunya goma, ɓarnar da ta faru a cikin kunya goman nan da wuya wani mai adalci ya sa a biya ka.

A Jamhuriyar Nijar akwai ƙarin abu biyu. Kowace shekara gwamnan jiha yana sa ranar sakin gonaki, kuma wanda ya bar amfaninsa a fili bayan wannan rana hujjarsa ta yi rauni. Sannan akwai iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata, wadda bayanta ƙasar kiwo ce.

4. Zaɓi ƙofar da ta yi daidai da girman maganar

A nan zan ɗan zauna, don shi ne zuciyar abin.

Ƙofa ta farko ita ce ku biyu, kai da mai shanu. In ɓarnar kaɗan ce kuma kun san juna, matarsa na kawo nono gidanka, ka aika masa ya zo ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. Sau da yawa mai shanu yakan ce, “Malam, an yi kuskure, me zan kawo?” Kai kuma ko ka yafe, ko ka karɓi abin da ya sawwaƙa. Ba ta cin ko sisi.

Ta biyu, mai shiga tsakani. Mutum ɗaya da ku duka kuke jin kunyarsa: liman, sarkin noma, dillalin shanu a kara, ko wani dattijo. Shi ba ya yanke hukunci, yana kai kawo ne tsakaninku har ku haɗu a tsakiya. In akwai Babarbare dattijo a garin, ku gwada shi. Wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani yana ba shi damar faɗa wa Bafulatani maganar da in kai ka faɗa sai an zare sanda, a yi dariya, a kuma ji maganar.

Ta uku, zaman mai unguwa ko dagaci tare da ardo. Wannan ita ce ƙofar mafi yawan ɓarnar da ta kai buhu ko fiye, kuma matakan da ke ƙasa a kanta na gina su.

Ta huɗu, naɗa mai raba gardama. Bambancinta da ta biyu babba ne, kuma mutane suna rikita su. A nan ku biyu kuna amincewa tun kafin a fara cewa duk abin da wane ya yanke kun karɓa. Ana bin wannan in kowa ya yarda an yi ɓarna amma an kasa daidaitawa a kan adadi. Gargaɗi: kada ka ce “duk abin da Baba Liman ya faɗa na yarda” don kunya, sannan ka fita ka ce ba ka yarda ba. Ka ɓata wa dattijo suna, kuma gobe babu mai zama a kan maganarka.

Ta biyar, hukumomin sulhu. Hisba a jihohin da take, wadda a Kano dokar 2003 ta kafa, tana zaman sulhu. Jigawa tana da hukuma ta musamman ta manoma da makiyaya. Reshen ƙungiyar makiyaya ta Miyetti Allah da na ƙungiyar manoma a ƙaramar hukuma sukan zauna tare in mai shanun baƙo ne wanda ardon yankin bai da iko da shi.

Kotu ita ce ta ƙarshe, zan zo kanta. Ka fara daga ƙofa mafi ƙanƙanta da za ta iya ɗaukar maganar. Hawa sama kullum yana yiwuwa, saukowa ce mai wuya: mutumin da ka sa ya kwana a bayan kanta ba zai zauna da kai a tabarma ɗaya mako mai zuwa ba.

Amma fa akwai abin da ba na sulhun gari ba ne. In an ji wa wani mummunan rauni, ko an rasa rai, ko masu dabbobin suna ɗauke da bindiga, ka sanar da dagaci da jami'an tsaro nan take, kada ka je ko'ina da kanka.

5. Kai ƙara yadda ya kamata

Ka je wurin mai unguwa a ranar, ko washegari da safe. Ka faɗi abin da ka gani kawai: “Ranka ya daɗe, shanu sun shiga gonata ta bakin rafi daren jiya, wane da wane sun gani, sawu ya nufi yamma.” Kada ka faɗi adadin kuɗi yanzu. Duk adadin da ka ambata cikin fushi zai zame maka ƙaya, ko ka kasa saukowa don girman kai, ko ka sauko a ce da ma ƙarya kake.

Mai unguwa ne zai aika wa ardo, kai ba ka aikawa. Abin da za ka kashe a nan shi ne man babur na ɗan aike da na masu zuwa duba gona, sai goro ko ruwan sha na zama. A wasu garuruwan akwai ɗan abin da aka saba ba masu duba gona. Ka tambaya a fili tun farko nawa ne, kuma a ce wa zai ɗauka a ƙarshe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai sulhu ya ce yana da kaso cikin kuɗin ɓarna, domin daga ranar ƙiyasi zai riƙa kumbura.

6. Ƙiyasin ɓarna

A je gonar cikin kwana biyu, kuma kowane ɓangare ya kasance a wurin. Masu ƙiyasi su zama aƙalla huɗu: biyu daga manoma, biyu daga makiyaya, in an samu malamin gona ya zama na biyar. Mai gona da mai shanu su tsaya gefe, su amsa tambaya kawai.

Ana ƙirga kunya, ba a ƙiyasi da ido daga bakin gona. Ga misali, lambobin na koyarwa ne. A ce gonar gero mai kunya 80, wadda maƙwabta suka shaida takan ba da dami 40. An bi an ƙirga, kunya 20 aka cinye ƙarƙaf. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, wato dami 10. A ce damin yankin yana ba da tiya 6 in an sussuka, ya zama tiya 60, buhu ɗaya da rabi in buhun mai tiya 40 ne. Kunyar da aka ɗan taɓa ana lissafa ta rabi ko sulusi, gwargwadon abin da masu ƙiyasi suka gani.

Daga nan sai tambayoyi uku da suke canza lissafin.

Girman shukar. Geron da bai yi kara ba yakan sake tofowa in ruwa bai ɗauke ba. Wanda ya fitar da kai an cinye, ya tafi. Malaman Malikiyya sun ce ana yi wa shukar da ba ta nuna ba ƙima ne tsakanin fata da tsoro, wato fatan za ta kai da tsoron ba za ta kai ba, don haka ba a biyan ta kamar hatsin da ya shiga rumbu. Abin da muke yi in shukar ƙarama ce: a kafa turaku a iyakar wurin da aka ci, a rubuta, a dawo da kaka a gwada abin da wurin ya bayar da na kunyoyin da ba a taɓa ba. Bambancin shi ake biya. Wannan hanya ta kashe gardama fiye da kowace da na sani, illarta kawai mai shanu mai wucewa ba zai jira kaka ba, sai dai ya ajiye wani abu a hannun ardo.

Dare ko rana. Asalin hukuncin a fiƙihu shi ne tsare dabbobi da dare yana kan masu su, tsare gona da rana yana kan mai ita. Amma kada mai shanu ya ɗauka rana ta wanke shi: in akwai makiyayi tare da su ya yi sakaci, ko an sake su a gindin gonaki, biya yana nan. A tambayi liman a wurin zama, kada kowa ya yi wa kansa fatawa.

Farashin wace rana. Buhu da kaka daban, buhu da bazara daban. A faɗi kasuwa a faɗi rana: farashin kasuwar gari kaza, ran kasuwar da ta gabata. In wake ne ko gyaɗa, a sa harawa cikin lissafi, don a wasu shekarun kuɗinta ba ƙarami ba ne. A kuma cire wahalar da mai gona ya huta da ita, girbi da ɗauri da dako na abin da aka cinye. Manoma ba sa son wannan ragin, amma adalci ne.

7. Ranar zama

A zauna a zauren mai gari ko harabar masallaci, kada a zauna a ƙofar gidan ɗayanku. Kowane ɓangare ya zo da mutum biyu ko uku. Taron samari a bakin zaure yana sa kowa ya yi magana don su ji, ba don a daidaita ba. Sanduna da adduna a ajiye su waje, na kowa da kowa.

Liman ya buɗe da addu'a. Mai gona ya yi magana har ya gama ba a katse shi ba, sannan mai shanu, sannan masu ƙiyasi. In mai shanun Hausarsa ba ta nuna ba, a samo mai fassara da Fulatanci wanda ba ɗan gidansa ba. Na taɓa ganin dattijo yana ta cewa “to, to” ana ɗauka ya amince, ashe bai fahimci adadin ba, sai da ya koma ruga aka bayyana masa, washegari magana ta dawo ɗanya.

Maganar wannan ɓarnar kaɗai za a yi. Da wani ya fara “ai ku kullum haka kuke” ko ya tono ta shekara biyar, mai gari ya tsayar da shi. Magana zarar bunu ce, kuma kalma ɗaya a kan ƙabila tana rushe aikin kwana uku.

In an cije, a raba su. Ardo ya ja nasa gefe, sarkin noma ya ja nasa. A keɓe ne mutum ke faɗin gaskiyar abin da zai iya: “Baffa, wallahi ba ni da kuɗi sai na kai ɗan maraƙi kasuwa ran Laraba.” Wannan ba zai faɗe ta a gaban abokin shari'arsa ba. Rantsuwa da Alƙur'ani a bar ta can ƙarshe, in mai shanu ya musanta kuma babu shaida. Ba abin wasa ba ce, kuma bayanta zumunci yakan yi wuyar gyaruwa.

8. Yadda za a biya

Kuɗi ba su ne kaɗai hanya ba. Ana biya da hatsi in kaka ta yi. Ana biya kashi biyu, rabi yanzu rabi bayan kasuwa. Akwai kuma wadda na fi so: mai shanu ya sauka da garkensa a gonar da rani, kwana ashirin ko wata guda, su ci kara su bar taki. Da tsadar takin zamani a yanzu, manomi da yawa ya fi cin riba a nan fiye da kuɗin da zai karɓa, kuma mutanen da suka yi wata guda suna gaisawa kowace safiya ba su cika sake kai ƙarar juna ba.

Gargaɗi: in za a ba da dabba a madadin kuɗi, dillali ya yi mata kuɗi a gaban kowa, a mayar da canji in ta fi. Kuɗi kuma su bi ta hannun mai gari ko ardo a gaban shaidu. In tura su aka yi ta waya, a nuna shaidar a rubuta ranar. In akwai dabbobin da ke turken mai gari, a lissafa abin da suka ci, a sake su a ranar da aka daidaita. Riƙe su bayan haka neman sabuwar fitina ne.

Al'ada ce mai kyau mai gona ya yafe wani abu bayan an faɗi adadi, ko da tiya biyar ce. Amma ya fito daga bakinsa. Dattawa su daina matsa wa talaka ya yafe rabin abincin shekararsa da sunan haƙuri, don irin wannan sulhun ne ke sa mutum ya ce gobe ba zai kawo ƙara ba, zai yi wa kansa magani.

9. A rubuta

Takarda ɗaya ta isa, da boko ko da ajami: rana, sunayen mutum biyun, wurin gonar, abin da aka ƙiyasta, abin da aka yafe, abin da za a biya, ranar biya, wanda ya tsaya wa mai biya, da abin da zai faru in ranar ta wuce. A ƙara layi ɗaya cewa in an biya magana ta mutu, babu mai tayar da ita a wani wuri. A karanta da ƙarfi cikin Hausa da Fulatanci, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, mai gari ya buga hatimi. Kwafi uku: na mai gona, na mai shanu, na mai gari. Kowa ya ɗauki hotonta a waya, don gara da ruwan damina ba sa barin takarda.

A Nijar wannan takarda tana da matsayi a doka. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun sa neman sulhu a gaban sarakunan gargajiya ya zo kafin kotu, kuma ana rubuta takarda ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Ka karɓi taka ko da zaman ya watse, da ita za ka yi gaba.

10. In ya ƙi ci ya ƙi cinyewa

Daga mai unguwa sai dagaci, daga dagaci sai hakimi, kuma kowane hawa ka tafi da takardar ƙiyasi da hotunanka, kada a sake farawa daga tushe bayan sawu ya ɓace. In nan ma bai yiwu ba, sai kotun shari'ar Musulunci ko kotun yanki. Ka lissafa kuɗin shigar da ƙara, da na kai sammaci, da kuɗin mota naka da na shaidunka a kowane zama, da ranakun aikin da za ka rasa a tsakiyar girbi, ka gwada da buhu ɗaya da rabin da kake bi.

Shiga kotu bai rufe ƙofar sulhu ba. Alƙalai da yawa da kansu sukan ce ku je ku daidaita ku dawo. A Kano akwai cibiyar sulhu ta Multi-Door a ƙarƙashin Babbar Kotun jiha tun 2009, wasu jihohin ma suna da irinta. In kun daidaita bayan an shigar da ƙara, kada ku tsaya a baki: ku kai takardar gaban alƙali ya mayar da ita hukuncin kotu. Daga ranar, in wanda ake bi ya ƙi biya, kotu ce za ta karɓar maka, ba sai ka sake tara dattawa ba.